Kwana casa'in da ƙari: yadda na samu izinin aiki a Ghana

A farkon watan Janairun 2023 wani kamfanin harhaɗa wutar sola da ke Kumasi ya aiko min da takardar ɗaukar aiki. Ni injiniyan lantarki ne, na yi shekara bakwai ina aikin inbata da batura a Kano, kuma shugaban sashensu ya ga aikina ne a wata gonar kaji da muka sa wa sola. Da na karanta takardar, abin da ya zo min a rai shi ne in ɗinka jaka in hau mota. Ai Ghana ce, 'yar'uwarmu a ECOWAS, ba biza ba komai. Haka nake ji tun ina yaro, haka kuma direbobin Kwatano suke faɗa. Da ma'aikaciyar ofishinsu ta turo min jerin takardu har guda goma sha ɗaya, sai na ɗauka irin tsarin ofis ne na cika fayil, na karanta rabi na ajiye waya. Wannan sakacin shi ya ci min kusan wata biyu daga baya.

Gaskiyar maganar ita ce yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza, ya zauna har kwana casa'in. Wannan ziyara ce. Zama da kama aiki kuwa sai ka nema, kuma kowace ƙasa da hanyar da take bi. A Ghana dokar shige da fice ta shekarar 2000 ce ke aiki, kuma a ƙarƙashinta ɗan Najeriya baƙo ne kamar kowane baƙo, illa dai kuɗin da ake cajinmu bai kai na wanda ya zo daga wajen Afirka ta Yamma ba.

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Fasfona yana da sauran shekara uku, don haka ba matsala. Katin rigakafin ciwon shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa, na cike shi a intanet, na biya ta Remita, na je sashen lafiya na filin jirgin sama aka yi min allura aka buga hatimi. Rabin yini ya isa. Daga nan sai na yi kuskure na farko: na nufi takardar 'yan sanda ta shaidar cewa ba ni da laifi, saboda ita na ga ta fi ban tsoro a jerin. Na cike a shafin intanet na 'yan sandan Najeriya, wato POSSAP, aka ɗauki zanen yatsuna goma, takarda ta fito a ƙarshen Janairu. Ina ta murna, ban lura da cewa wa'adinta wata uku ba ne. Ita ya kamata in nema a ƙarshe, sai ga shi na fara da ita, agogonta ya soma tafiya ni kuwa ko Abuja ban je ba.

Abuja ita ce babbar tasha. Takardun karatu na Najeriya kafin wata ƙasa ta yarda da su, sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance su, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje ta buga nata hatimin a kai. A jere ake yi, ba a tsallake ta farko. Lokacin kuwa tsakiyar Fabrairu ne, ana cikin wahalar canjin kuɗi, ga kuɗi a asusu ga yunwa a ciki. Kuɗin hukuma ana biya ta banki, amma mai hoton takardu da ɗan acaɓa da mai shayi tsaba suke so, har sai da na sayi naira dubu biyar a kan dubu shida wurin mai POS. Ina kan benci ina jira a kira ni, wani dattijon ma'aikaci ya karɓi takarduna yana jerawa, sai ya tsaya, ya ɗaga gilashinsa, ya ce, "Injiniya, mutum nawa ne a nan?" Ban gane ba. Ya shimfiɗa su a tebur. A fasfo sunan mahaifina Muhammad, a takardar digiri Mohammed, a ta sakandare Muhammed, kuma a ɗaya an sa sunan garinmu a ƙarshe, a sauran babu. Shekara da shekaru ina yawo da takardun nan ba wanda ya taɓa cewa uffan. Ya ce, "A nan gida mun san duk mutum ɗaya ne. Wanda zai duba a can bai san haka ba, haruffa zai ƙirga." Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri. Na koma Kano, na je babbar kotu na yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nawa ne, na buga sanarwa a jarida, na sayi kwafi uku na jaridar ranar na adana, sannan na sake hawa motar Abuja. Tafiya biyu, kwana tara, da kuɗin masauki da ban yi lissafinsa ba.

Duk Bahaushen da ke karanta wannan, tun kafin ya kai ƙarshe, ya tashi ya ɗauko takardunsa ya duba. Abubakar da Abubakr, Usman da Othman, A'isha da Aishatu, ranar haihuwar da malamin firamare ya ƙirƙira da wadda ke kan NIN. Mu ne muka fi kowa wannan ciwon.

Ranar 14 ga Maris na shiga Ghana, ta mota, saboda ina ɗauke da akwatin kayan awo da ban yarda in bar shi a hannun masu lodin jirgi ba. Daga Legas muka bi Seme, muka ratsa Kwatano, muka shiga Togo, muka fita ta Lome zuwa Aflao. Ƙasa huɗu a yini ɗaya, iyaka uku, kuma kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga. A ɗaya daga cikin iyakokin aka ce fasfona "sabo ne a hanya", wai sai na biya kuɗin da ba rasit. Na biya, ban ce na yi daidai ba, amma mota ba za ta jira ni ba. Abin da nake so a riƙe shi ne kada mutum ya yarda a zagaya da shi ta bayan shinge a kan babur don gudun layi. Yara za su zo su ce maka minti biyu kacal. Idan ba hatimin shiga a fasfonka, duk abin da zan faɗa a gaba ba zai yiwu ba, domin shafin hatimin nan shi ne farkon abin da kowane ofis zai nema. A Aflao jami'in ya tambaye ni abin da ya kawo ni, na miƙa masa takardar kamfani. Ya buga hatimi, ya rubuta kwana casa'in da biro, ya ce min wannan na ziyara ne, kada in taɓa aiki sai izini ya fito. Na mayar da agogona baya da awa ɗaya, muka kama hanyar Akra, wadda dattawanmu ke kira Ankara.

A Kumasi kamfani ya ba ni masauki na sati biyu, daga nan sai in nemi nawa. Na nufi Aboabo, domin a can da Asawase Hausa ce harshen titi. Hausarsu dai sai ka saba, ba ruwanta da mace ko namiji, za ka ji an ce "yarinya ya zo", kuma su ma dariya suke yi wa tawa, wai ina magana kamar rediyo. Amma da safe ga koko da ƙosai, da rana ga wake da shinkafa da suke kira waakye, da dare ga tuwo. Ba a nan wahalar take ba. Wahalar tana wajen haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma duk inda na je shekara biyu ake cewa, wanda ya ji tausayi ya ce ɗaya. Ga shi a Disambar da ta gabata hauhawar farashi a ƙasar ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗinsu sidi ta faɗi, kowane mai gida yana so ya kama kuɗinsa tun da wuri. Wani tsoho mai sayar da goro, wanda kakansa ya zo daga Kano a ayarin fataken Gwanja, shi ya ba ni ɗaki biyu a shekara ɗaya, bayan liman ya tsaya min. Ranar da na biya ya tambaye ni, "Ɗana, takardunka fa?" Na ce ana kai, Baba. Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama sati biyu su fice. Yana saurayi a lokacin. Ya ce maƙwabtansu da aka haifa a layin nan suka sayar da keken ɗinki da gado a kuɗin banza, suka hau akori-kura zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. "Ku ma kun rama a 1983," in ji shi, "har jaka kuka sa wa suna." Bai faɗa da ɗaci ba. Amma daga ranar kusan kullum bayan sallar asuba sai ya tambaye ni inda maganar ta tsaya.

Mataki na gaba shi ne katin shaida na baƙi, wanda hukumar katin shaida ta Ghana, wato NIA, ke bayarwa. Kusan komai a Ghana a kan katin nan yake rataye: buɗe asusun banki, rajistar layin waya ta dindindin, lambar haraji, da neman izinin zama kansa. A 2023 dala 120 ne karon farko, ana biya da sidi a banki, sabuntawa kuma dala 60 duk shekara. Na hau motar dare daga Kumasi, tafiyar da ba ta wuce kilomita 250 ba amma ta ci awa shida, na isa Akra da asuba ina azumi. Na biya, na kai rasit da fasfo, aka ɗauki hoto da yatsu, kafin la'asar kati yana aljihuna. A duk tafiyar nan shi ne abin da ya fi saurin fitowa. Washegari na je hedikwatar shige da fice da ke unguwar Ridge don gwajin lafiya, domin a asibitinsu ake yi, ba a karɓar na waje. An ɗebi jini, an ɗauki hoton ƙirji. A layin akwai 'yan Indiya, 'yan China, wani Balabane, da mu 'yan Najeriya biyar da muka gane juna tun kafin kowa ya buɗe baki.

Izinin aiki ba ma'aikaci ke nema ba, kamfani ke nema masa, kuma wannan ne abin da mutane da yawa ba su gane ba. Kamfani zai rubuta wa Kwanturola Janar na shige da fice wasiƙa, ya haɗa da takardun rajistarsa, da shaidar biyan haraji, da kwantiragin aiki, da bayanin abin da ya sa ya ɗauko baƙo. Kai kuma ka kawo tarihin aikinka, takardun karatu masu hatimi, ta 'yan sanda, ta lafiya, hotuna, da kwafin fasfo da katin baƙi. Akwai kamfanonin da ke da gurbin baƙi kai tsaye daga hukumar zuba jari ta GIPC gwargwadon jarinsu, daga gurbi ɗaya zuwa huɗu. Namu ya riga ya cike nasa, don haka ta doguwar hanya muka bi. Aka shigar da fayil ɗina a ranar 19 ga Afrilu, 'yan kwanaki kafin Ƙaramar Sallah, saura kwana tara takardar 'yan sandana ta mutu. Da an ƙara sati biyu, da sai na koma Najeriya na sake ba da yatsu.

Sai jira. Ba a bar ni in hau rufin kowa ba, ko sukundireba ban riƙe ba. Shugaban sashenmu ya ce idan aka kama ni a wurin aiki ba izini, tarar da za a ci kamfani ta fi ƙarfin amfanin da zan yi musu. Suna ba ni ɗan kuɗin abinci, ni kuma in je ofis in zauna a kusurwa ina karanta ƙa'idojin wayarin na ƙasar, ina kallon yaran da na girme wa da shekara goma suna fita aiki da kwalkwali. A Kano ni ake jira in zo kafin a kunna komai. Matata ta kira ta ce, "Abban Hanifa, in abin ya ƙi ka dawo mana, ba abin kunya ba ne." Ni kuwa na san na riga na sallami kwastomomina ga wani. Sallah ta wuce ina cin tuwon gidan Baba, ina yi wa 'ya'yana barka ta bidiyo.

A tsakiyar Mayu aka dawo da fayil ɗin. Ba daga wajena matsalar take ba, shaidar harajin kamfani ce wa'adinta ya ƙare ana cikin dubawa, kuma mai kula da asusunsu bai lura ba. Sati uku suka yi kafin su samo sabuwa. A nan ne na fara ƙirga kwanaki da yatsa, domin casa'in ɗina za su cika a ranar 12 ga Yuni. Wasu a unguwa suka ce in hau mota in je Lome in sha shayi in dawo, a buga min sabon hatimi, wai kowa haka yake yi. Ban yi ba, saboda ina da fayil a buɗe kuma ban so a ga ina wasa da iyaka. Na je ofishin shige da fice na yankin Ashanti da ke nan Kumasi, saura kwana goma, da wasiƙar kamfani da rasit ɗin fayil da hotuna biyu, na nemi ƙarin wa'adin ziyara. Na biya, na bar fasfo, bayan 'yan kwanaki na karɓe shi da ƙarin wata biyu. Wanda ya bari wa'adinsa ya wuce, tara ake lissafa masa wata-wata, kuma tabon yana nan a fayil ɗinsa.

Ana cikin wannan ina bin ɗaya hanyar, ta sana'a, wadda ba ruwanta da shige da fice. Izinin aiki ya ce kana iya karɓar albashi. Bai ce kai injiniya ba ne. Wannan sai hukumar GTEC, wadda aka kafa a 2020 don kula da manyan makarantu, ta auna digirinka ta ce daidai yake da nasu, sannan Majalisar Injiniyoyi ta ƙasar, da dokar 2011 ta kafa, ta yi maka rajista. Rajistata ta COREN, majalisar injiniyoyin Najeriya, ta taimaka ƙwarai, da takardar shaidar cewa ina biyan kuɗin shekara ba bashi. Ma'aikacin jinya ko likita ko mai haɗa magunguna kowa da tasa majalisar, wasu ma sai sun zauna jarrabawa. Inda na maƙale shi ne tabbatarwa daga jami'ar da na gama. An aika musu saƙo, shiru. An sake aikawa, shiru. Sai da na tura ƙanena ya yi kwana uku yana zarya tsakanin ofisoshi, ya gano cewa akwatin imel ɗin da ake aika wa saƙon ba wanda ya buɗe shi tun da mai kula da shi ya yi ritaya. Zuwa da kai ya fi aike, amma in kana Kumasi dole ka sami wanda zai zama ƙafarka a gida. Da na sani, da tun ina Kano na biya kuɗin cikakken sakamakon jarrabawata, na san sunan ofishin da lambar wanda ke zaune a ciki.

Amincewar izinin aiki ta fito a satin farko na Yuli, bayan Babbar Sallah. Daga nan aka karɓi fasfona aka kai Akra don izinin zama, ya yi kusan sati uku a can, ina yawo da rasit da katin baƙi a aljihu. Ranar da ya dawo na buɗe shafin a tsaye a bakin ƙofar ofis: shekara ɗaya, da sunan kamfanin a rubuce a jiki. Ma'anar sunan nan ita ce izinin na wannan aikin ne kaɗai. Ka bar su, ka koma farko da sabon mai ɗaukarka. Na kai wa Baba ya gani. Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "To, yanzu ka zo." Albashin farko da ya shigo na ga an cire kashi 5.5 cikin ɗari na asusun fansho na SSNIT, kamfani kuma ya zuba kashi 13, ga haraji a kai. Wanda zai yi ciniki kan albashi ya tambayi abin da zai shigo hannunsa, kuma ya tambaya da wane kuɗi za a rubuta, domin sidi da naira duk ba su da tabbas.

Ɗauko iyali ya zo da nasa abin dariyar. Mace da yara suna samun izinin zama a ƙarƙashin na miji, amma sai an ga takardar aure da ta haihuwa. Aurenmu shekara tara, an ɗaura shi a ƙofar gidansu gaban mutum fiye da ɗari biyu, an raba goro da alawa, amma ko ƙyallen takarda babu. Sai da surukina da waliyyina suka je kotun shari'a suka ba da shaida aka rubuta mana, aka fassara, aka kai Abuja aka buga hatimi. Surukin nawa har yau yana tsokanata, wai sai da Ghana ta tambaya sannan na tabbatar da auren 'yarsa. Takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya ake so, ba katin asibiti ba. Sun iso a Disamba.

Tun daga lokacin mutane suna kirana, abokan karatu da ƙannen abokai, kowa da tambaya ɗaya: in zo in nema a can? Amsata ita ce a'a, nemi aikin tukuna, domin ba kamfani ba fayil, kuma kwana casa'in sun fi saurin ƙarewa fiye da yadda ake zato. Wanda kuma yake tunanin zai zo da digiri, in aiki ya ƙi ya buɗe shago, ya sani cewa dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan saye da sayarwa a kasuwa, baƙon da ke son harkar ciniki kuwa an ɗora masa jarin dala miliyan ɗaya. A kan wannan aka rufe shagunan 'yan Najeriya da dama a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. In da zan sake daga farko, sunana zan fara gyarawa, sai jami'a, sai hatiman Abuja har da na aure, takardar 'yan sanda kuwa sai ana saura sati in tafi. Zan tambayi kamfani a rubuce wa zai biya kuɗin izini, da me zan ci kafin ya fito, kuma zan ce su duba ranar da shaidar harajinsu za ta ƙare. Zan zo da kuɗin hayar shekara da na cin wata huɗu, ba na wata ɗaya da na zo da shi ba.

Sabuntawa ta fi sauƙi, amma ita ma tana son a fara da wuri, katin baƙi tukuna sannan izini. Na rubuta ranakun biyu da alli a bayan ƙofar ɗakina, wata biyu kafin kowanne ya cika. Hanifa ta tambaye ni ko ranar haihuwar wani ce. Baba kuwa ba ya bukatar alli, tun watan Mayu yake fara tare ni a ƙofar masallaci.